Shekarar da Na Yi Kaffara a Kan Kwamfuta

Kun girma kuna jin ana cewa ubanku ya rantse da Allah a gaban jama'a, daga baya aka ba shi kwangila ya lashe amansa. Rantsuwa kam na yi ta. Karya ta ma na yi. Kwangila ce babu. Ban zaunar da ku na faɗa muku yadda aka yi ba saboda a lokacin Baffanku Malam yana raye, kuma maganar ta shafi mutuncinsa. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwar da ta rage mini ta fara gardama. To ku ji daga bakina.

Ban yi boko ba. Allo na yi a zauren mahaifinmu a Ringim, ban kuma yi nisa ba. Yaya, wato Baffanku Malam, shi ne ya gaji littattafan, ni na gaji taurin kai. Na koyi gyaran rediyo a kasuwar Jahun, ina zagaya kasuwannin ƙauye da akwatina, har ranar da motar hatsi ta kife da mu aka yanke mini ƙafar hagu. Ban mutu ba, sai na nemi aikin zaune, na dawo Dutse na buɗe shago. Rediyo ta ja baya na koma waya, waya ta kai ni ga kwamfuta. Baƙaƙen boko da ɗan Turancin da nake ji a jikin kwalayen kaya na tsince su, da takardun da ake sakawa a ciki. Abin da na sani tun ina saurayi ɗaya ne: kayan da zan iya kwance bayansa in ga cikinsa nawa ne, wanda aka liƙe aka hana ni buɗewa kuwa aro aka ba ni.

Sabi'u malamin kwamfuta ne a wata makaranta a nan Dutse, na girme shi nesa ba kusa ba. Ya kawo mini tasa in gyara masa wajen caji, da na kunna sai na ga fuskarta ba irin wadda na saba gani ba. Shi ya fara yi mini bayani. Ya ce kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, ita ce ƙasar da sauran manhajoji ke tsirowa a kai. Wadda duk muka sani, Windows, kamfani ne da ita, kana biya a ba ka izinin amfani, cikinta kuwa a rufe yake. Tasa sunanta Linux, mutane ne daga ƙasashe barkatai suka taru suke rubuta ta, kowa na iya ganin cikinta, ya gyara, ya ba wani kyauta, ba laifi. Na ce masa wannan ai rediyo ce da aka bar bayanta a buɗe da zanen wayoyinta a manne. Ya yi dariya ya ce haka ne. Sannan ya faɗa mini abin da ya tsaya mini a rai: faya-fayan Windows da muke saye a kasuwa muna ɗora wa mutane, kwafi ne da aka yi ba da yardar masu ita ba. Shekaru ina ɗora wa jama'a kayan da ba a ba ni izini ba, ina kai abinci gida da kuɗin.

Duk Asabar sai Sabi'u ya taro ɗalibansa a ƙofar shagona, mu ɗora wa duk mai so Linux kyauta. A irin wannan zaman ne, jama'a sun cika benci, wani ya tsokane ni ya ce gobe in mai kuɗi ya zo zan koma gidan jiya. Jinina ya hau. Na dogara sandata na miƙe.

"Wallahi tallahi, in dai ina numfashi, hannuna ba zai ƙara aiki a kan Windows ba. Ba a tawa ba, ba a ta wani ba."

Aka yi ta tafi. Sabi'u ya rungume ni. Da na koma gida na faɗa wa mahaifiyarku, tana tankaɗen gari, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Maigida, mutane na rantsuwa a kan gona da gado. Kai a kan akwatin lantarki ka ɗauko sunan Allah?"

Na riƙe rantsuwata. Masu kawo gyara suka ragu, sai wanda allonsa ya fashe ko batirinsa ya mutu. Ban damu ba, domin na sami abin da ya fi mini shagon daɗi. Akwai wasu mutane a intanet da ke rubuta wata manhaja ta kyauta mai karanta rubutu da murya, saboda makafi. Tana jin harsuna da yawa, ba ta jin Hausa. In ka ba ta Hausa sai ta karanta kamar Bature na cin tuwo da zafi. Sabi'u ya nuna mini inda ake rubuta mata ƙa'idojin furuci, na zauna ina koya mata baƙi bayan baƙi, inda ake ja da inda ake taƙaitawa. Daga nan na fara taɓa cikin manhajar kanta. Ina aika gyarana, wasu mutanen da ban taɓa gani ba su duba, su dawo mini da shi su ce nan ka yi kuskure, in sake. Ba wanda ya tambaye ni takardar makaranta. Ranar da suka karɓi aikina suka haɗa da nasu, ban faɗa wa kowa ba, na dai sayo tsire na kai gida.

Ana cikin haka idon Yaya ya tafi. Hawan jinin ido ne, a hankali ya ci shi, har ya zama ba ya bambanta rana da inuwa. Karatun zaure bai tsaya ba, domin yawancin littattafan suna kansa. Abin da ya tsaya wani ne daban. Yaya ya yi suna a Ringim da ƙauyukanta wajen amsa tambayoyin mata. Abin da mace ba za ta iya buɗe baki ta tambaya a gaban namiji ba, na jini, na tsarki, na abin da ke tsakaninta da mijinta, sai ta rubuto masa a waya, ya karanta shi kaɗai, ya amsa, ya goge. Ko matarsa ba ta taɓa wayar. Da ido ya tafi, dole sai babban ɗansa ne ke karanta masa. Yaron kirki ne, bai taɓa fitar da maganar kowa ba. Amma gari ya san shi ke karantawa, kuma gobe za a haɗu da shi a hanyar kasuwa. Saƙonni suka yi ta raguwa.

Na ce wannan ai aikina ne ya zo har gida. Ana iya buɗe saƙonnin waya a kwamfuta, muryar da na gina ta karanta masa a kunne, ya amsa da bakinsa. Na haɗa masa wata tsohuwar kwamfuta, na ɗora mata Linux da muryar Hausa, na kai masa. Ta yi aiki. Sai dai ni ina Dutse, shi yana Ringim. Ranar da aka ɗauke wuta tana tsakiyar sabunta kanta ta ƙi tashi, duk Ringim aka rasa wanda ya san inda zai taɓa. Aka ba direba ya kawo mini, na gyara na mayar. Ta sake, aka sake ba direba. A na gaba ɗan nasa ya gaji ya kai wa wani mai gyara a kasuwa, shi kuwa ya yi abin da ya iya, ya share komai ya ɗora Windows. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Amma akwai wani makaho mai koya wa makafi kwamfuta da yake zuwa wajen Yaya, shi ma Windows ya sani, ita duk ɗalibansa ke amfani da ita, kuma akwai manhajar makafi ta kyauta a kanta wadda ke iya ɗaukar muryar da na gina. Aka sa masa. Yatsun Yaya suka saba da maɓallan. Sai ga matsala: a can muryar tana in'ina. Ta fara jimla, ta tsinke a tsakiya, ta tsallake kalmomi, ta ci gaba. A tambayar addini kuwa kalma ɗaya in ta faɗi hukunci ya canza. Dole a sake kiran yaron ya duba.

A tawa kwamfutar muryar lafiya lau take, ko tari ba ta yi. Na rubuta wa mutanen da muke aikin tare, suka ce su ba sa jin Hausa, ba za su gane inda ta tsinke ba, sai mai harshen ya saurara a inda abin ke faruwa. Na koma canke. In yi gyara, in zuba a filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwashi aiki, in ba direban Ringim, washegari a bugo a ce tana nan yadda take. Damina ta shiga ta fita muna wannan. Wata rana ina ƙulla filas a leda mahaifiyarku ta tsaya a kaina.

"Shi dai Allah ne ya ɗauke masa ido. Kai kuwa da kanka ka ɗaure naka, kana laluben abin da ba ka gani."

"Na rantse."

"To a sayo wata da sunana mana. Tawa ce, ka riƙa taɓawa."

"Na ce ba a tawa ba, ba a ta wani ba. Ba zan yi wa Allah wayo ba."

"Ai ka riga ka yi wa kanka," in ji ta, ta koma madafa.

Na shiga mota na tafi Ringim. Na sami Yaya a zaure bayan la'asar, ɗalibai sun watse, yana zaune a kan buzu da carbi. Muka gaisa. Ni ban iya kewaye-kewaye ba, amma ranar na gwada.

"Yaya, tambaya aka ba ni in kawo. Wani mutum ne ya rantse ba zai ƙara yin wani abu ba, sai daga baya..."

"Wannan mutumin, ƙafarsa nawa?"

Ya yi dariya har da tari.

"Hamisu, tun kana rarrafe in ka ciji abu sai an toshe maka hanci kake saki. Hukuncin a bayyane yake. Wanda ya rantse, sannan ya ga abin da ya fi rantsuwar alheri, ya aikata alherin ya yi kaffara."

"To wanne ya fi alheri a nan?"

"Wannan ba zan faɗa maka ba. Ni zan ci moriyar amsar, ba a zama alƙali a shari'ar kai. In ka riƙe rantsuwarka ban ƙullace ka ba. Makafi nawa suka yi malanta kafin a ƙera wannan akwatin?"

Muna nan sai muka ji sallamar mace daga bakin ƙofa. Ba ta shigo ba, ta rakuɓe a jikin bango ta waje, gefen hijabinta kawai nake gani. Muryar ba ta yarinya ba ce. Ta gaida shi, ta yi masa ya jiki, amma ba ta tafi ba.

"Allah ya gafarta Malam, har yanzu yaron nan ne ke duba maka wayar?"

"Shi ne, Hajiya. Amma in akwai magana, ga ƙanena nan zai ba mu wuri."

"A'a, babu komai. Dama gaisuwa ce na zo."

Muka ji takunta har ya ɓace. Yaya ya ci gaba da jan carbi. Na dubi fuskarsa. Na ga mutumin nan ranar da aka binne mahaifinmu, na gan shi ranar da likita ya ce idon ba zai dawo ba, ban taɓa ganin fuskarsa ta faɗa haka ba. Wannan matar ta taso daga inda ta taso da abin da ke cin ta, ta koma da shi. Wa ya san abin da za ta je ta aikata a kan jahilci, ko wa za ta tambaya.

Na ce masa zan yi azumin kwana uku, in rufe bakina, ba sai kowa ya ji ba.

"Gero ya ƙare a gidanka?"

"Akwai."

"To azumi na wanda ba shi da abin ciyarwa ne. Kai miskinai goma za ka ciyar."

Na so in auna geron in raba a ɓoye. Mahaifiyarku ta ce ita ba za a fitar mata da tsaba daga ɗaki kamar kayan sata ba, dafawa za ta yi. Ta tuƙa tuwo da miyar kuka, safe da yamma, aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Unguwa kuwa ba a yin sadaka a cikinta ba a tambayi dalili ba. Mutuwa aka yi? Haihuwa? Duk wadda ta leƙo ta tambaya, sai ta ba ta amsa ba ƙari ba ragi.

"Kaffara ce. Maigida ne zai koma Windows."

Kwamfutar tawa tsohuwa ce, cikinta ba zai ɗauki manhajojin biyu ba, ɗaya za ta zauna. Da ma ta zo da lasisinta na Windows tun daga kamfani, saboda haka ba kayan sata na ɗora ba, wannan ku riƙe shi. Na kwashe aikina na adana, na share Linux da hannuna. Na daɗe ina kallon allon kafin in danna. Shekarun da na fi jin ni mutum ne a cikinta na yi su.

Labari ya riga ni isa shago. Sabi'u ya zo da hantsi, ko zama bai yi ba.

"Baba Hamisu, gaskiya ne abin da na ji?"

"Gaskiya ne."

"Kai ne fa nake nuna wa ɗalibai. Nake cewa ga dattijon da bai shiga aji ba ya gane abin da masu digiri suka kasa ganewa. Yanzu me zan ce musu?"

"Ka ce musu muryar tana nan kyauta, cikinta a buɗe. Wurin zamana kawai na canza."

"Wurin zaman ai shi ne maganar! In kowa ya ce bari in bi mutane inda suke, yaushe mutanen za su taso? Da ka bar Malam a kan Linux, mu koya wa wani a Ringim."

"Na gwada. Kafin ka koya wa Ringim, nawa za su mutu da tambayarsu a ciki?"

"Wace tambaya?"

Nan na tsaya. In na yi bayani, sai na faɗi cewa mata sun guji Yaya, sai na sa ɗansa a bakin duniya, sai a fara lissafin wace ce ta rubuto wace ce ta daina. Na ce masa ba komai. Ya dube ni, ya gyaɗa kai irin na wanda ya gama fahimta.

"Nawa suka ba ka?"

Da ina da ƙafa biyu da na tashi. Na ce ya fita mini daga shago. Ya fita. Zaman Asabar ya koma wani wuri, kuma daga wannan tambayar tasa aka haifi maganar kwangilar da kuka taso kuna ji. Ba na zagin Sabi'u, kada ku ma ku zage shi. Shi ya buɗe mini ƙofar, kuma abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Har yau in na buga wani abu Windows ta ƙi nuna mini dalilinta, sai in ji kamar an ɗaure mini hannu ta baya. Ban taɓa son ta ba. Muna haɗuwa da shi a jana'iza mu gaisa, shi ke nan.

Da na ɗora manhajar makafin na sa muryar ta karanta, a jimlar farko na ji in'inar da kunnena. Abin da na shafe damina ina canke, ashe ba wani babban abu ba ne. Manhajar makafin tana miƙa wa muryar rubutu gutsure-gutsure, ni kuwa na gina tawa tana jiran jimla cikakkiya, sai ta riƙa zubar da abin da ya faɗo a gaɓa. Kuskurena ne, ba na kowa ba, amma a can gidana na da, wato Linux, ba ya taɓa fitowa. Kafin Juma'a na gyara, na aika wa mutanenmu suka karɓa. Daga nan makafin da ban sani ba suka fara turo mini ƙorafi, wannan daga Kano, wancan daga Damagaram, dukkansu a kan Windows suke. Shi ya sa ban koma ba.

Wannan karon ban ba direba ba, da kaina na kai. Na ɗora gyaran, na sa wa Yaya abin ji a kunne, na ce wa ɗansa ya je ya huta. Saƙo ɗaya ne tak ya shigo a makon, ba a buɗe shi ba. Yaya ya lalubi maɓallin ya danna. Ina zaune a gefe na juya wa allon baya. Ya saurara, ya sunkuyar da kai, ya sake dannawa ya saurara daga farko. Na ga ya ɗaga gira, ya ce innalillahi a hankali, sannan ya gyara zama irin wanda yake yi in zai ba da fatawa. Ni kuwa na ɗauka muryar ce ta sake tsinkewa.

"Yaya, ta karanta duka? Me ta ce?"

Ya zare abin daga kunne ɗaya, ya juyo da fuskarsa wajen da nake.

"Ba ruwanka. Ɗauki sandarka ka ba ni wuri, ka ja mini ƙofar."

Na ɗauki sandata na fita, na ja masa ƙofar.